Taguwar Marigayi Mumuni

Ana jibi za a kai taguwar marigayi Mumuni kasuwar Mayahi aka wayi gari turkenta wayam, babu ita babu ɗanta. Dabaibayin yana nan a ƙasa. Ba yanke shi aka yi ba, kwance shi aka yi a natse, har aka naɗe shi aka ajiye a gindin turke.

Shekara ta goma ke nan da soja suka karɓi mulki, kuma ita ce shekarar da gero ya kai iya gwiwa ya bushe a tsaye. A ƙauyen Gidan Gambo, tsakanin garin Sarkin Hausa da Mayahi, shanu sun ƙare, awaki sun zama ƙashi da fata, dabba mai daraja ɗaya da ta rage a garin ita ce taguwar nan.

Mumuni tsohon gardi ne, wato dogarin gwamnati. Ya yi ƙuruciyarsa cikin kakin gwamnati, daga Tasawa zuwa Tanut har can arewa, sannan ya ajiye aiki ya komo gida yana karɓar fansho. Abin da ya tara, wani ya zuba a asusun ajiya na gidan waya a Tasawa, da wani ya sayi taguwa. Da ya rasu sai iyalinsa suka tarar gadon ma'aikaci ba irin na manomi ba ne, wanda liman zai zauna bisa tabarma ya raba kafin la'asar. Asusun ba ya buɗuwa sai an je gaban alƙali da shaidu, an faɗi magada ɗaya bayan ɗaya, an rantse ba a bar kowa ba, sannan a biya gwamnati kasonta da kuɗin hatimi. Ɗansa Rabi'u ya riga ya je ya rantse cewa magada uku ne: shi, da ƙanwarsa Zara'u, da mahaifiyarsu Ladi. Biyan ne ya rage, gidan kuwa ko tsabar da za a daka babu. Shi ya sa aka yanke a sayar da taguwa a buɗe asusu, a sayi hatsi.

Aka aika kiran Na Allah, mai bin sawun garin. Tsoho ne siriri mai ɗan doro, kuma abokin Mumuni ne tun suna kiwon awaki, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya. Ko da ya iso, rabin gari ya tattake wurin. Ya kore su baya da sandarsa, ya zagaya ta bayan gari har ya tsinci sawun taguwa da ɗanta sun miƙi hanyar rijiya. Tafiya ce ta natsuwa, ba gudu ba turjiya. Yana bi, samari na biye da shi, har ya ji wani a bayansa yana raɗa cewa idon tsohon ya tafi, sai dai suna. Maganar ta soke shi.

A bakin rijiya sawun ya narke. Can gefe zangon mutanen arewa ne, waɗanda fari ya kashe wa dabbobi suka gangaro da 'yan komatsansu suka kafa tabarmi bisa itace, kuma kowace safiya su da jakunansu sukan dagule ƙasar wurin. Bayan rijiyar fako ne mai tauri wanda ko kofato ba ya kamawa. Na Allah ya yi ta kewaya ba abin da ya samu. Daga ƙarshe ya ga rabin tafin taguwa, a bisansa kuma sawun takalmin fata mai faɗi irin na Buzaye, da faci a diddige.

"Mai wannan takalmi ya taka nan bayan ta wuce," in ji shi da ƙarfi, don waɗanda suka raina idonsa su ji.

Iyakar abin da ƙasa ta faɗa ke nan, bai ce mutumin ne ya kore ta ba. Amma samari ba su tsaya jin saura ba. Suka faɗa zango suna ɗaga ƙafafun maza, har suka sami facin a ƙafar wani dogon mutum mai suna Ƙadri. Suka yaye masa rawani a gaban matan zango, abin da Buzu ya fi ƙi a duniya, suka rufe shi da sanduna. Na Allah yana tsaye yana gani. Ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta tsayar da su, ya kuma san kalmar ita ce "ban sani ba". Bai faɗe ta ba sai da ya ji ƙarar ƙashin hannun mutumin.

* * *

A zauren maigari Mai Nasara aka ɗaure Ƙadri. Maigari ya ce in ranar kasuwa ta yi ba a ga taguwa ba, zai miƙa shi Mayahi. Kowa ya san a zamanin nan ɓarawon dabba in ya shiga hannun hukuma, iyalinsa sukan daɗe ba su ji ɗuriyarsa ba.

Na Allah ya nemi a bar shi da mutumin. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya kasa kallon fuskar da ba rawani. Ya tambaye shi abin da ya kai shi rijiya, Ƙadri ya ce ruwa, kamar kowa. Ya tambaye shi ko ya ga taguwa.

"Na ga raƙuma da yawa, tsoho," in ji Ƙadri da Hausarsa mai nauyi. "Duk na baro gawarsu a hanya."

Daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Bai rantse ba, bai roƙa ba, bai ce a kira masa kowa ba. Wannan ya dami Na Allah. A saninsa marar laifi yakan cika wuri da rantsuwa, mai laifi kuma yakan kawo labari mai tsawo. Wanda ya yi shiru irin haka, akwai wanda yake rufa wa asiri.

Kafin azahar gari ya rabu. Wasu suka ce Buzun ne, 'yan'uwansa sun wuce da ita Nijeriya. Wasu suka ce ai Rabi'u ne da kansa ya ɓoye ta, don a cire ta daga lissafin gado ya ci shi kaɗai. Wasu kuma suka tuna Zara'u, wadda ta zo daga gidan mijinta a Kona tun zaman makoki, an ji ta tana faɗa da wanta cewa taguwar ubansu ba za ta shiga kasuwa tana raye ba.

Na Allah ya fara da Rabi'u. Ya same shi a ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa. Rabi'u ya ce shi a Sarkin Hausa ya kwana, a layin rabon jar dawar agaji, kuma da mutanen gari ya dawo da hantsi. Na Allah ya bi mutanen ɗaya ɗaya, duk suka shaida.

"Baba, in na ɓoye ta mi zan ci?" in ji Rabi'u. "Asusun na can a kulle, mu muna nan muna dafa ganye."

Zara'u kuwa ba ta musa faɗan ba. Ta ce ta faɗa kuma za ta sake faɗa, amma ita ko kusa da raƙumi ba ta iya zuwa, tun tana yarinya take tsoronsu.

Saura Ladi, wadda ke cikin takaba. Na Allah ya zauna a bayan zana suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya kamar yau aka yi rasuwar. Ta ce ba ta ji motsin komai ba. Yana shirin tashi sai idonsa ya faɗa kan wata 'yar ƙwarya a rataye jikin darnin baya, ta wajen juji, inda ba mai rataye ƙwarya. Ya tambaya. Ladi ta ce ta sadaka ce. Wata biyu kafin rasuwarsa, mai gidan ya ce kullum in an tatsi taguwa ta zuba nono a ciki ta rataye can. Kafin rana ta ɗaga sai ta tarar an juye an wanke. Bayan rasuwa liman ya ce dukiyar mamaci ba a kyauta da ita sai an raba, Rabi'u ya hana.

"Wa ke ɗauka?"

"Ban leƙa ba," in ji ta, muryarta can ƙasa.

* * *

Washegari da sassafe Na Allah ya zagaya bayan gidan shi kaɗai. Jiya kowa ta ƙofa ya duba, har da shi, don ta nan aka fitar da dabba. Amma wanda ya fitar ai sai da ya shiga. A gindin darnin, ƙarƙashin ƙwaryar, ya ga an ɗan buɗa kara an mayar. A wurin kuwa tokar murhu ce da ake zubarwa, lallausa, darni ya kare ta daga iska.

Ya duƙa ya duba, sai ya zauna daɓas.

Sawun Mumuni ne. Ƙafar hagu ce ba takalmi, babban yatsa ya ware can gefe kamar ya yi fushi da sauran, ƙaramin kuma bai taɓa ƙasa ba sam. Wannan sawu ya fi sanin sa da tafin hannunsa. Da shi ya fara koyon sana'ar, suna yara, in Mumuni ya ɓuya a cikin gero. Mutumin da shi da kansa ya sa a kabari, ga ƙafarsa a kan tokar shekaranjiya.

Ya yi salati, ya murza ido, ya sake dubawa da hankalin mai sana'a. Siffar ta Mumuni ce, girman ba nasa ba ne. Ƙafa ce ƙarama siririya, ta mace, diddigen ya nutse fiye da kima, alamar akwai goyo a baya.

Zuciyarsa ta tafi kan Zara'u, don tana da goyo. Ya koma cikin gida ya nemi ruwan sha, ya zauna yana jan hira har ta gitta tsakar gida ba takalmi. Ya saci kallon ƙasa. Yatsunta a jere suke lif, ƙafar uwarta ce. Rabi'u ne ya ɗauko ta uban, shi kuwa ƙato ne, kuma a Sarkin Hausa ya kwana.

Na Allah ya kifa wani tsohon kwando a kan sawun, ya ɗora dutse. Ya daɗe tsaye yana kallon ƙwaryar. Ya tuna shekarun da Mumuni ya yi a Tanut, waɗanda in hira ta kai can sai ya sauya magana. Sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi zango.

Ba wanda ya amsa sallamarsa da daɗi. Matan suka juya masa baya, wata tsohuwa ta tofar da yawu. Ya zauna a gindin wata aduwa a bakin hanya kamar mai hutawa, kunya na cinsa, yana kallon ƙasa kaɗai. Mata suka yi ta wucewa da tuluna. Can da hantsi wata ta ɓullo, ba daga wajen rijiya ba, daga wajen fako, da yaro a baya da 'yar gora a ƙarƙashin mayafi. Ta wuce ta gabansa ba ta gaishe shi ba. Ya dubi inda ta taka.

"Ɗiyata," ya ce. "Goran nan ba ruwa ne ciki ba."

Ta tsaya cik. Sunanta Tanna, kuma ita ce matar Ƙadri. Ba ta yi gardama ba, kamar dama ta gaji da riƙon maganar. Ta zauna nesa da shi ta sauke yaron, wanda wuyansa bai fi kaurin tabarya ba, ta ba shi nonon yana sha tana magana.

Ta ce uwarta mutuniyar wajen Tanut ce. Wani gardi Bahaushe ya aure ta, aka yi masa canjin wurin aiki, dangi suka ce 'yarsu ba ta zuwa kudu, ya sake ta ya tafi ba tare da ya san da ciki ba. Uwar ta rasu ta bar mata suna biyu, na mutumin da na garinsu. Da fari ya cinye musu komai, sai ta ce wa mijinta su bi ayarin da ya nufo nan. Ta tare Mumuni a hanyar masallaci ta faɗa masa sunan uwarta. Ya dafa bango, ya yi hawaye, ya ce ta ba shi lokaci ya san yadda zai gaya wa iyalinsa. Kafin nan ta riƙa zuwa bayan gida tana ɗaukar nono, tunda nata ya ƙafe. Lokacin bai zo ba har ya kwanta ciwo. Ranar jana'iza daga nesa ta tsaya tare da masu jiran sadaka.

"Da nonon ya yanke, yaron ya daina kuka," in ji ta. "Na binne biyu a hanya, na san abin da ke biyo bayan shirun nan. Sai na ji an ce za a sayar da ita."

Taguwar tana wani kwari bayan fako, inda gawo ke zubar da 'ya'ya. Ba ta yi niyyar gudu da ita ba, ba ta ma san abin da ta yi niyya ba. Ƙadri bai sani ba sai da ta dawo. Ya bi bayanta zuwa rijiya don ya tattake sawun, abin da ya bar takalminsa a wurin ke nan. Da aka kama shi ya ce mata da harshensu kada ta buɗe baki, in an tafi da ita yaron ba zai kwana biyu ba.

Na Allah ya rasa inda zai sa idonsa. Ɗiyar amininsa ce ta yi watanni tana tsugune a bayan juji, shi yana zaure yana shan hira da ubanta. Kuma da bakinsa aka karya hannun mijinta.

Ya ce mata zai faɗa, don ba zai bari a tafi da Ƙadri ba. Ya ce bai san yadda za ta ƙare ba, amma ta zo gidan marigayi bayan la'asar.

* * *

Maigari ya so a yi zaman a zaurensa, Na Allah ya roƙi a yi a tsakar gidan Mumuni, inda mai takaba za ta ji. Aka zo da Ƙadri, hannunsa a ɗaure da kara. Liman ya zo, da dattawa, samari suka cika bakin ƙofa. Tanna ta raɓe a jikin rumbu, mutane na tambayar juna abin da ya kawo ta.

Na Allah ya sa aka share wuri, aka baza toka. Kafin komai ya cire rawaninsa ya miƙa wa Ƙadri ya rufe fuskarsa, shi ya tsaya da kai a buɗe, furfura a waje.

"Allah ya ja zamanin maigari," ya ce. "Jiya na faɗi abin da ya fi sanina. Mutumin nan bai kwance taguwa ba. Na ji an ce idona ya tafi, na so in nuna bai tafi ba, shi ya biya."

Sannan ya kai dattawa bayan gida ya ɗage kwandon. Suka duba suka dawo. Ya ce wa Zara'u ta taka tokar da ƙafar hagu, ta taka. Ya ce wa Ƙadri ya taka. Babu wanda ya yi kama. Ya ce wa Rabi'u ya taka, aka fara gunaguni, don ga yatsan nan a ware, sai dai sawun ya ninka na bayan gida. Daga nan ya juya wajen rumbu, bai iya ɗaga kai ba, ya ce ɗiyata, yi haƙuri, taka kusa da nasa.

Ta taka ta koma.

Rabi'u ne ya fara magana. Ya ce to ga ɓarauniya, sawun bayan gida ne sak, a saki mijin a ɗaure ta. Dattawan ba sawun bayan gida suke tunani ba, sawu biyun da ke gabansu suke kallo, babba da ƙarami a jere, yatsa a ware, ƙaramin yatsa babu. Rabi'u ya bi idonsu ya duba. Bakinsa ya tsaya a buɗe.

"Ita ta kwance ta, ba ta musa ba," in ji Na Allah. "Taguwa na kwarin gawo lafiya lau. Amma Rabi'u, in ka yarda da ƙasa a kan ta ɗauka, ka yarda da ita a kan sauran. Ni ban iya karanta rabi in bar rabi."

Ya faɗi abin da Tanna ta gaya masa, a gajarce. Rabi'u ya ce ƙarya ce, yunwa ce ke sa mutane neman uba a gidan da suka hangi dukiya. Ya ce shi ya ɗora hannu ya rantse a gaban alƙali magada uku ne, yanzu so ake ya koma ya ce wa hukumar soja ya yi rantsuwar ƙarya? Liman ya yi gyaran murya ya ce gaskiya kamannin ƙafa ba ya tabbatar da nasaba a shari'a, sai da shaidar aure ko furucin uba. In babu, yarinyar bare ce, abin da ta yi kuma sunansa sata.

Na Allah ya ga ya kuɓutar da mijin, ya miƙa matar ga hukunci.

Sai murya ta fito daga bayan zana.

"Malam, akwai furuci."

Ladi ce. Ta ce tun tana amarya mai gidan ya gaya mata ya taɓa aure a Tanut. Kuma ana gobe zai cika, ya kama hannunta ya ce mai ɗaukar ƙwaryar nan jininsa ce, ta halal, a sa ta cikin gado. Ta ce ta so ta faɗa ranar uku, ta ga gidan cike da baƙi. Ta so ta faɗa ranar bakwai, ta dubi jikokinta ta dubi rumbu, ta ce bari a ga ƙarshen wata. Kafin ta ankara ɗanta ya je ya rantse, daga nan kuma tsoro ya kama ta.

"Kowace safiya ina jin takunta a bayan darni," in ji ta. "Ta tsaya, ta taɓa ƙwarya, ta tafi. Ni ina kwance ina ji."

Zara'u ta tashi ta shige wajen uwarta. Samarin da ke bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya ɗaya, waɗanda suka fi zafin hannu jiya su suka fara ɓacewa. Liman ya ce za a aika Tanut a nemi waɗanda suka halarci ɗaurin auren, amma shaidar wadda kason 'ya'yanta zai ragu ba abin wasa ba ce. Ya ce mai haƙƙi a cikin dukiya in ya taɓa ta kafin rabo ya yi kuskure, amma ba a kiransa da sunan da ake kiran bare. Maigari ya ce shi bai ga abin kaiwa Mayahi ba, ban da Rabi'u da zai je ya gyara maganarsa.

Rabi'u ya miƙe. Ya sa ƙafa ya share tokar, ya fita.

* * *

Rabi'u ya je Mayahi, da liman da maigari a bayansa. Ya wuni a tsaye, ya sha faɗa, aka ci shi tara, aka ce a sake komai daga farko. Sai da aka kai ga rani tsaka kafin shaidu su zo daga Tanut a buɗe asusun. Ba a sayar da taguwa ba. Zara'u ta cire awarwaron aurenta, Rabi'u ya rabu da amalankensa, da su aka biya gwamnati, taguwar kuma ta faɗa cikin kason Tanna. Watannin jiran sun yi wa gidan tsanani, har suka kai ga tonon gidan tururuwa neman tsaba kamar kowa. Rabi'u ya daina gaishe da Na Allah, in sun haɗu a masallaci sai ya sauya sahu.

Hannun Ƙadri ya ɗoru a karkace, bai ƙara jan guga da shi ba. Na Allah ya yi ta ɗaga ranar zuwa, har wata safiya ya daure ya tafi zango, don su Tanna sun ƙi komawa cikin gari ko da Ladi ta share musu ɗaki. Ya tarar da Ƙadri a zaune, ya durƙusa a gabansa duk da a shekaru ya haife shi, ya nemi gafara. Ƙadri ya dube shi ta saman rawani ya ce ya yafe, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Amma bai matsa masa a tabarma ba.

Tanna na gefe tana tatsa, yaron yana dafe da ƙafarta yana koyon tsayuwa. Na Allah ya miƙe zai tafi, sai ta kira shi Baba, karo na farko. Ta ce an gaya mata duk garin ba wanda ya kai shi sanin ubanta.

"A duk zaman da kuka yi, ko bayan na zo, ya taɓa yi maka maganata? Ko ta uwata?"

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, mai sauƙi, wadda ba mai iya tonawa tunda mai ita yana ƙasa. Ya dubi hannun Ƙadri.

"A gabana dai bai taɓa ba, ɗiyata."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta juya ta ci gaba da tatsa. Da ƙoƙon ya cika ta kawo masa da hannu biyu. Ya ce ya ƙoshi, a ba yaro. Ta ce yaro ya sha, kuma ba a mayar da nono a gidansu. Ya karɓa ya tsuguna ya juya musu baya, ya sha.